Tambaya da Amsa kan Shari'a: Matar Wanda Aka Raunata, Shin Tana da Diyyar Kanta?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Barista. Mijina ɗan kasuwa ne. Bara, a kan hanyar Zariya zuwa Kaduna, tirelar wani kamfani ta bar hannunta ta murƙushe motar da yake ciki, ya samu rauni a laka, kuma tun daga ranar daga ƙugunsa zuwa ƙasa ba ya motsi. Ni ce mai juya shi cikin dare, ni ce mai yi masa wanka da duk wata hidima, har ta kai na rufe shagona na ɗinki. Abin da ke tsakanin miji da mata, wanda kunya ba za ta bar ni in bayyana ba, shi ma ya yanke. Kamfanin ya biya kuɗin asibiti na farko, yanzu kuma ya turo wakili da tayin wasu kuɗi tare da takardar da yake so a sa wa hannu. Wana da ke zaune a Niyu Yok ya ce a can Amurka mace takan nemi diyya ta ƙashin kanta saboda zamantakewar auren da ta rasa, ban da wadda za a ba mijin. Shin gaskiya ne? Akwai irin wannan a Najeriya? Me addini ya ce? Daga wata mai karatu a Kaduna, wadda ta nemi a sakaya sunanta.

AMSA: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya ba maigida lafiya, ke kuma ya saka miki da alheri a kan wannan jinya. Kafin komai, kada ke ko shi ku sa hannu a kan takardar nan sai lauyan da ku kuka zaɓa da kanku ya karanta ta, domin irin waɗannan takardu galibi suna ɗauke da sharaɗin cewa wanda ya karɓi kuɗin ya yafe duk wata ƙara da za ta iya biyo baya, alhali raunin laka abu ne da hidimarsa ke ci gaba shekara da shekaru bayan kuɗin da aka karɓa a rana ɗaya sun ƙare.

Wanki ya faɗi gaskiya game da Amurka. Akwai haƙƙin da lauyoyi ke kira asarar konsoshiyom, wato diyyar da miji ko mata ke nema daga wanda ya raunata abokin zamansa ta hanyar sakaci ko ganganci. Abin da ake biya a nan ba kuɗin magani ba ne, ba kuma ribar kasuwar da ta tsaya ba ce. Ana biyan abubuwan da aure ke samarwa waɗanda ba su da rasit: hira da shawara, kulawa da tausayawa, taimakon juna a hidimar gida da tarbiyyar yara, kwanciyar aure, da damar samun haihuwa. Dalilin da kotunan suka dogara da shi kuwa shi ne, direban da ya karya bayan magidanci bai cutar da mutum ɗaya kaɗai ba, ya kuma sauya rayuwar matar da ke zaune da shi ta hanyar da duk mai hankali zai iya hangowa tun kafin hatsarin ya auku.

Tarihin wannan haƙƙi yana da muhimmanci ga amsar tambayarki ta biyu, saboda haka zan ɗan tsaya a kansa. Asalinsa daga tsohuwar dokar Ingila ne, kuma a can miji ne kaɗai yake da shi. Ba don ana ganin miji ya fi jin zafin rashi ba ne, a'a, dokar tana ɗaukar mace a matsayin wadda hidimarta mallakin mijinta ce, kamar yadda ta ba ubangida damar kai ƙarar wanda ya raunata baransa ya hana shi aiki. A shekarar 1952 wata mata mai suna Misis Best ta gwada sa'arta a kan kamfanin Samuel Fox, inda mijinta ya ji rauni a wurin aiki har ya rasa ikon kusantar iyali. Shari'ar ta kai gaban Majalisar Dattawan Birtaniya, wadda a lokacin ita ce kotun ƙoli ta ƙasar, aka kuma yanke cewa ba ta da wannan haƙƙi. Alƙalan ba su kare tsohuwar ƙa'idar ba, sun ma amsa cewa haƙƙin da miji ke da shi ragowar wani zamani ne da ya shuɗe, sai dai suka ce ba za su faɗaɗa abin da ba shi da tushe mai kyau ba. Shekara 30 bayan haka, a 1982, majalisar dokokin Birtaniya ta soke haƙƙin mijin ma gaba ɗaya a Ingila, don haka yau babu miji ko matar da ke shigar da irin wannan ƙara a can. An daidaita maza da mata, amma ta hanyar hana kowa, kuma a ganina wannan daidaito ne da bai amfani mai jinya irinki da komai ba.

Amurka ta bi wata hanyar. A 1950 kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya da ke Washinton, a shari'ar Hitaffer da kamfanin Argonne, ta ce idan miji yana da wannan haƙƙi to babu hujjar hana mata. Jihohi suka riƙa bi ɗaya bayan ɗaya, kuma jihar da wanki yake zaune ta amince da haka a 1968, a shari'ar Millington, wadda ita ma mijin ya shanye ne daga ƙugu zuwa ƙasa. Wadda ta fi kama da halin da kike ciki ita ce shari'ar Rodriguez da kamfanin ƙarafa na Bethlehem, wadda Kotun Ƙolin Kalifoniya ta yanke a 1974. Wani matashi mai shekara 22, wata 16 kacal da yin aurensa, bututun ƙarfe mai nauyin fiye da kilo 270 ya faɗo masa a ka a wurin aiki, ya lalata masa laka. Matarsa ta ajiye aikinta ta koma jinyarsa dare da rana, tana tashi cikin dare ta juya shi don kada gyambon kwanciya ya kama shi. Kotun ta warware tsohon hukuncinta, ta ce matar tana da ikon neman diyyar kanta.

Sai dai akwai abubuwan da mai ba da labari daga nesa ba lallai ya ambata ba. Na farko, ƙarar matar reshe ce a jikin ƙarar mijin, idan aka sare bishiyar reshen ma ya faɗi: in kotu ta ce wanda ake ƙara bai yi sakaci ba, matar ba ta samun komai, kuma a jihohi da yawa in aka samu mijin da wani kaso na laifin hatsarin, ana rage diyyar matar daidai da wannan kaso. Haka nan a galibin jihohi dole ne a tabbatar akwai aure a lokacin da raunin ya faru, shi ya sa a 1988 Kotun Ƙolin Kalifoniya ta ƙi karɓar ƙarar wani mutum da ke zaune da mace ba tare da an ɗaura musu aure ba.

Abu na biyu shi ne wanda nake so ki fi yin tunani a kansa, tun da ke da kanki kin ce kunya ta hana ki bayyana wani ɓangare na damuwarki a cikin wasiƙar da ma babu sunanki a kanta. Duk wadda ta ce wa kotu ta rasa zamantakewar aure, ta buɗe wa lauyan ɗaya ɓangaren ƙofar tambayarta yadda zaman yake kafin hatsarin. Zai tambayi ko kun taɓa samun saɓani, ko ta taɓa yin yaji, ko an taɓa saki aka mayar, zai kuma tambayi abin da ya shafi shimfiɗa, kafin raunin da bayansa, domin aikinsa shi ne ya nuna cewa abin da aka rasa bai kai yadda ake faɗa ba. Ko a Amurka akwai ma'auratan da ke janye wannan ɓangare na ƙarar saboda wannan dalili kaɗai. Mace Bahaushiya da za ta tsaya a gaban alƙali, surukanta na zaune a bayanta, tana da haƙƙin ta san wannan tun kafin lauya ya rubuta sunanta a takardar ƙara.

Na uku kuwa, a wannan shari'a ta Rodriguez da ake yawan kafa misali da ita, kotun ba ta yarda matar ta nemi ladan jinyar da ta yi ko albashin da ta rasa a cikin ƙararta ba. Ta ce kuɗin jinya yana cikin abin da mijin ke nema, kuma ba za a biya abu ɗaya sau biyu ba. Ki lura da wannan da kyau: ko a ƙasar da ke karɓar irin wannan ƙara, asarar da ta fi taɓa aljihun mai jinya ta hannun ƙarar mijin ake nemanta.

A Najeriya, dokar da ke hukunta sakaci a manyan kotunanmu gadon Ingila ce. Mun karɓi dokar gama-gari ta Ingila da ƙa'idojin adalcinta, tare da dokokin majalisarta na bai-ɗaya da ke aiki a ranar 1 ga Janairun 1900. Ma'anar haka ita ce sokewar da aka yi a 1982 ba ta shafe mu ba, kuma abin da muka gada shi ne tsohuwar ƙa'idar da ta ba miji haƙƙi ta hana mata. Lauyan kamfanin zai ɗauko hukuncin Best na 1952 ya ajiye a gaban alƙali. Lauyanki kuma yana da abin faɗa, domin sashe na 42 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya hana a tauye ɗan ƙasa ta hanyar wata doka saboda kasancewarsa namiji ko mace, kuma Kotun Ƙolin Najeriya ta yi amfani da wannan sashe a 2014, a shari'ar Ukeje, ta rushe al'adar da ke hana 'ya mace gadon mahaifinta a ƙasar Ibo. Da irin wannan hujja ta daidaito ce Kotun Ƙolin Ayalan, ƙasar da ita ma ta gaji dokar Ingila, ta ba wata mata mai suna McKinley damar neman wannan diyya a 1992, bayan mijinta ya raunata a aikin soja. Hujja ce mai ƙarfi, kuma ina ganin ita ce ta fi dacewa da adalci. Amma hujjar da za a yi ta jayayya a kanta, watakila har zuwa kotun ɗaukaka ƙara, ba ita ce ya kamata gidan da ke sayen magani da ƙunzugun manya kowane mako ya dogara da ita ba. Idan lauyanku ya ga dacewar a sanya ki a matsayin mai ƙara ta biyu, kuma kin amince da tambayoyin da za su biyo baya, sai a sanya a matsayin ƙari. A nan za a buƙaci shaidar aure, wato takardar da masallaci ko kotu ta bayar, ko kuma waliyyi da waɗanda suka halarci ɗaurin auren, tun da dokar Najeriya ta amince da auren Musulunci da na gargajiya.

Ƙarfinku na gaske yana cikin ƙarar maigida, kuma a nan ne ya kamata wahalarki ta fito fili. Yana da ikon neman kuɗin maganin da aka kashe da wanda za a kashe nan gaba, da keken guragu da katifa ta musamman da gyaran ɗaki da banɗaki, da kuɗin shigar da ya rasa da wanda zai rasa har tsawon shekarun da da zai yi yana kasuwa. Yana kuma da ikon neman diyyar raɗaɗi da wahala, da ta jin daɗin rayuwa da ya rasa, kuma rashin ikon kusantar iyali yana cikin wannan rukuni idan likita ya rubuta shi a rahotonsa. Sannan akwai ƙimar jinya. Kotunan Ingila, waɗanda alƙalanmu kan duba hukuncinsu don neman haske ko da yake bai zama dole su bi ba, sun daɗe da yarda cewa jinyar da ɗan'uwa ko mata ta yi kyauta tana da ƙimar da mai laifi zai biya, kuma a shari'ar Hunt da Severs ta 1994 an ce wanda aka raunata yana riƙe wannan kaso ne a matsayin amana ga wanda ya yi jinyar. Lauyanku zai iya auna hidimarki da abin da za a biya ma'aikacin jinya da za a ɗauka haya, ko da ribar da shagonki ke kawowa kafin ki rufe shi.

Duk wannan yana tsayawa ne a kan takarda. Ƙa'idar kotunan Najeriya ita ce, asarar da ake iya ƙididdigewa dole ne a jera ta dalla-dalla a cikin takardar ƙara, a kuma tabbatar da ita da shaida, in ba haka ba alƙali zai tsallake ta ko da ya ga gaskiyarta da idonsa. Ki tattara rasit na asibiti da na kantin magani, da kuɗin motar zuwa ganin likita da gashin ƙashi, da littafin da kike rubuta ɗinkin mutane, da rasit na hayar shago, da bayanan asusun bankinki da nasa na watannin da suka gabaci hatsarin. Daga yau ki sami littafi ki riƙa rubuta abin da kike yi masa a kullum da abin da aka kashe. A nemi rahoton 'yan sanda da na Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, da sunayen waɗanda suka ga abin da ya faru, da cikakken rahoton likitan da ke duba shi mai bayyana ko raunin na dindindin ne.

Wanda za a kai ƙara shi ne direban tare da kamfanin, domin doka tana ɗora wa ubangida alhakin sakacin ma'aikacinsa a bakin aiki, kuma tun da doka ta wajabta wa kowace mota inshorar da ke kare wanda aka yi wa ɓarna, lauya zai sanar da kamfanin inshorar da wuri. Lokaci kuma ba ya jira. Kowace jiha tana da dokar da ta ƙayyade wa'adin shigar da ƙara, wanda idan ya wuce haƙƙin ya faɗi komai ƙarfin shaida, kuma tattaunawar sulhu ba ta tsayar da wannan ƙidaya da kanta. Shekara guda ta riga ta tafi. Ga sauran masu karatu, idan motar hukuma ce ta yi ɓarnar abin ya fi tsanani, domin dokar kare jami'an gwamnati wata uku kacal ta bayar. Idan kuɗin lauya ya gagara, Hukumar Ba da Agajin Shari'a ta Ƙasa tana karɓar ƙarar diyyar hatsari ga marasa ƙarfi, ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA ma tana ba mata shawara.

Game da addini, fiƙihun Malikiyya bai yi sakaci da irin wannan rauni ba. Cikakkiyar diyya ita ce raƙuma 100, ko dinari 1,000 na zinariya, ko dirhami 12,000 na azurfa, kuma ba a kisa kaɗai ake biyanta ba. Muhtasar na Shehu Halil ya lissafa amfanonin jiki da ake biyan cikakkiyar diyya idan an gusar da su, a ciki har da ƙarfin kusantar iyali, da haihuwa, da ikon tsayuwa da zama, kuma diyyar tana maimaituwa idan amfanin da aka rasa ya wuce ɗaya. Wato abin da kike jin kunyar faɗa, malamai sun ambace shi da sunansa sun kuma yanka masa ƙima tun ƙarnoni da suka wuce. Bambancin shi ne, wanda aka raunata ne ke da diyyar, ba a ware wa matarsa wani kaso na daban ba, ita tana amfana ne ta hanyar ciyarwa da sauran haƙƙoƙinta da ke kansa. Karɓar kuɗi saboda cutar da ta shafi zuciya kawai, wadda ba ta taɓa jiki ko dukiya ba, mas'ala ce da malaman zamani suka yi saɓani a kanta, don haka ki tuntuɓi malamin da kika amince da iliminsa a kan wannan ɓangare. Neman kuɗin magani da na jinya da asarar sana'a kuwa mayar da abin da aka ɓata ne, kuma yarda da ƙaddara ba ta hana shi. Ko da yake ƙarar sakaci a kan kamfani a babbar kotun jiha ake shigar da ita, sanin ƙimar diyya ta shari'a a farashin zinariya na yau zai taimaka wa dattawan da za su zauna da wakilin kamfanin su gane ko tayin da aka kawo ya kusanci adalci. Sulhu ba laifi ba ne, sau da yawa ma ya fi shari'ar da za ta ɗauki shekaru, matuƙar an yi shi bayan likita ya faɗi abin da jinyar za ta ci nan gaba, an kuma rubuta shi a gaban lauyanku.

TAMBAYA: Barista, barka da aiki. Matata ce mai babur ɗin wani kamfanin kai saƙo ya buge, ta karye a cinya, ta yi watanni ba ta iya hidimar gida, har na ɗauko mai aiki. Ni ne zan karɓi diyyar, ko ita? Daga wani magidanci a Gusau.

AMSA: Malam, Allah ya ba uwargida lafiya. Diyyar raunin tata ce, a dokar ƙasa da kuma a shari'ar Musulunci, domin jikinta aka taɓa, kuma ba ya halatta ka yi sulhu a madadinta ko ka taɓa kuɗin sai da yardarta. Abin da ka kashe daga aljihunka, kamar kuɗin asibiti da albashin mai aikin da ka ɗauka, shi ne naka, kuma ana iya nemansa idan ka ajiye shaida. Tsohuwar ƙa'idar Ingila da na bayyana a sama kai take fifitawa, tun da miji ne ta ba haƙƙin neman diyyar hidima da zamantakewar da ya rasa, amma a raunin da ake sa ran zai warke cikin watanni, abin da kotu za ta bayar a wannan ɓangare ba lallai ya kai wahalar nemansa ba. Ku shigar da ƙara ɗaya da sunanta, a jera kuɗin mai aikin da na magani a ciki, kuma a jira rahoton likitan ƙashi a kan ko ƙafar za ta koma daidai kafin a amince da kowane adadi.